Kwalin Shagon Tsallaken Titi

A kan tsohuwar gadar birnin Toledo ne Ismael ya fara ganin Nuria, tana jan ayarin 'yan yawon buɗe ido da jar lemarta. Kwana biyu kacal ya zo yi daga garinsu Cadiz na bakin teku, ga shi ya tare hanya yana ɗaukar hoto.

"Malam, gadar ta gidanku ce?" ta ce.

"Da ta gidanmu ce, ai da na ba ki."

Ta banka masa harara. Shi kuwa ya bi ayarin har yamma, majami'a, tsohon masallaci, lungu-lungu, sai da ya samu lambarta.

"Masifaffiyata, na iso gida, zuciyata ta ƙi biyo ni," ya rubuta.

"To ka zo ka kwashi kayanka, Ɗan tare hanya."

Wata shida yana zarya. Ranar da zai gaida mahaifinta, Don Eusebio mai yin alewar mazapan, sai ya hango shago ɗauke da sunan gidan su Nuria, ya sayi kwalin alewa guda don ya burge. Kash! Shagon ƙanen tsohon ne, Fermin, na tsallaken titi. Mu 'yan layin mun san shekara ashirin ba sa ga maciji, kowannensu na cewa shi ya gaji hannun mahaifiyarsu a yin alewa.

Eusebio ya dubi kwalin kamar an ajiye masa mushe.

"A gidana? Fita! Ba ni da 'yar da zan ba ka."

Nuria ta ci kuka, ta rubuta masa: "Ka kashe mu. Ko tambayata ba ka iya yi ba?"

Fermin kuwa ya fito bakin titi yana ƙyaƙyata dariya. "Yaro ya san daɗi!"

Abin ya ƙona ran Eusebio. Ya sa aka kira Ismael, aka jera faranti biyu, alewarsa da ta Fermin, a gaban jama'a.

"Ɗanɗana. Ka gane nawa, Nuria taka ce. Ka kuskure, kar in sake ganin ƙafarka."

Wayar Ismael ta motsa, saƙon Nuria ne: "Na hagu, masoyi." Ya mayar da ita aljihu. Ba zai fara surukuta da maguɗi ba. Ya ci na dama, ya ci na hagu, gumi na keto masa.

"Ranku ya daɗe, gaskiya ɗaya ne."

"Ɗaya?" Eusebio da Fermin suka daka masa tsawa tare.

"Ɗan bakin teku, gishiri ya cinye maka harshe!" in ji Fermin.

"Gaya masa dai, Fermin!" in ji Eusebio.

Shekara ashirin sunan nan bai fito daga bakinsa ba. Eusebio ya ɗauki na ƙanensa ya tauna a hankali, idonsa ya kawo ruwa.

"Na Mama ne," ya ce. "Yaron bai kuskure ba."

Ranar ɗaurin aure wa da ƙane suka yi alewar biki a tukunya ɗaya, suna yi suna faɗa. Eusebio ya dafa kan amarya da ango.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya."

"Masu harshe," in ji Fermin, "ba irin na ubansu ba."