Hanyar da Ƙiriniya ta Sani

"Wallahi in ka ƙara taka min burki irin wannan, sauka zan yi in ƙarasa da ƙafa!"

"Rami ne, rabin raina. Ni na haƙa shi?"

"Yarinya na shan ruwa kake ce min rami? Dubi rigarta!"

Ya leƙo ta madubi yana dariya, ita kuwa ta harare shi, harara irin wadda ba ta kai zuci ba. A baya ta zauna, kusa da kujerar 'yarsu mai shekara biyu da wata uku, wadda tun da ta fara rarrafe kowa ke kira Ƙiriniya. Sunan kuma ya bi ta. Ba su yi awa guda a hanya ba ta cire takalmi sau huɗu, ta cusa ayaba a aljihun kujera, ta yi kukan a ba ta sitiyari.

Duk da haka uwar farin ciki take. Ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin tsofaffi, kowace Asabar a asibiti take wuni, uban ne ke zama da yarinya. Yau ce Asabar ta farko da ta samu hutu cikin wata bakwai, shi ne ya ce su je bakin wani tafki su sha iska, tafiyar awa biyu kacal.

"Muuu!" in ji Ƙiriniya, tana buga gilashi.

"Ina kika ga saniya, uwar surutu?"

Ba ta rufe baki ba motar ta sha kwana, sai ga garken shanu a bayan shinge. Uwar ta yi dariya ta ce yarinyar nan har duba ta iya. Mijin bai yi dariya ba, sai ya ƙara muryar rediyo.

A gidan mai suka tsaya canza wa Ƙiriniya ƙunzugu. Da uwar ta gama, ta saɓo ta suka shiga ɗan shagon da ke gefe. Matar da ke tsaron shagon na ganinsu ta washe baki.

"A'a, Ƙiriniyata! Yau da Mama aka zo ke nan?"

Yarinyar ta zame daga hannun uwarta, ta nufi kantar kaya ta biyu kai tsaye, ta ciro biskit mai jan leda.

"Kin san ta ne?"

"Haba, baiwar Allah! Kowace Asabar fa nan suke tsayawa ita da babanta. Har na ce masa, wai ita uwar 'yar ba ta hawa mota ne?"

Matar ta yi ta dariya. Uwar ma ta yi, don ba ta san me za ta yi da fuskarta ba.

Wannan karon gaba ta shiga ta zauna. Ta bari sai da ya hau titi.

"Ina kake kai min 'ya duk Asabar?"

Ya ci gaba da tuƙi, idonsa a kan titi.

"Magana nake maka! Wurin wasan yaran da kake ce min, ashe awa biyu ne tsakaninsa da gida? Wace ce? Faɗa min sunanta!"

"Ba abin da kike zato ba ne..."

"To mene ne?"

"Kaka!" Ƙiriniya ta ƙwala daga baya, bakinta dumu-dumu da biskit. "Abba, Kaka! Je Kaka!"

Mahaifiyarsa ta rasu tun kafin aurensu. Kaka ɗaya ce ta rage wa yarinyar nan a duniya, kuma uwar ta rantse ba ta taɓa nuna mata ko hotonta ba.

Ya gangara gefen titi ya kashe mota.

"Mama ce," ya ce a hankali. "Mamanki. Tana gidan Yayanki yanzu, ya ɗauko ta. Babu wani tafki."

Shekara uku da rabi rabonta da mahaifiyarta. Mama ba ta so auren nan ba, ta ce mai gyaran lantarkin da ba shi da shago ba zai riƙe mata 'ya ba. Ranar da abin ya yi zafi ta ce, in kin bi shi kada ki sake tako min gida. Ita kuma da taurin kan da ta gada a wurin mai maganar, ta ɗauki jakarta. Ta haihu, Mama ba ta zo ba. Kowacce ta zauna jiran ɗaya ta fara kira, kuma dukansu sun iya jira.

"Matar da ta ce ba ka isa ba," ta ce, "ita kake kwasar 'yata kana kai wa? Ni da na bar uwata saboda kai? Kana dawowa in tambaye ka ya wasa, ka ce lafiya lau, har da ba ni labarin lilo!"

"Yayanki ne ya kira ni. Ba ta da lafiya, masoyiya. Mantuwa ce ta kama ta. Lokacin da na fara zuwa da sauran hankalinta, ta riƙe hannuna ta nemi gafarata, ta ce in riƙa kawo mata jikarta. Amma ta sa na yi alkawarin ba zan faɗa miki ba. Ta ce ba ta so ki zo don tausayi."

"Ka yi mata alkawari. Ni fa? Ni ba ka yi min ba?"

"Kullum sai in ce wannan satin zan faɗa miki. Sai ki dawo a gajiye, sai ga jarrabawar ƙarin girmanki... na ce bari ki samu hutu tukuna."

Ta juyo ta dube shi sosai. Aikinta ne, ta san yadda ciwon nan yake tafiya, ba ya jiran hutun kowa.

"Tana gane mutane?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na ce tana gane mutane?"

"Har wata biyu da suka wuce... tana ganewa."

Wani irin kuka ya ƙwace mata, har Ƙiriniya ta tsorata ta saki biskit ɗinta. Wata biyar cur Mama na da hankalinta, tana tafiyar awa biyu daga gidanta, ita kuwa tana can tana shafa wa iyayen wasu mai a baya, tana ba su abinci a baki. Da kishiya ya yi mata a ɓoye, da ta san yadda za ta yi fushin. Wannan kuwa ba ta san inda za ta ajiye shi ba.

"Ka cuce ni," ta ce. "Da kyakkyawar niyyarka ka cuce ni. Ja mota."

Ya kai hannu zai riƙe nata, ta janye.

Da suka isa gidan, Yayanta ne ya buɗe ƙofa. Ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga masa hannu ta wuce. Ƙiriniya ce ta yi mata jagora, da gudu, ƙafa ba takalmi, ta bi ta falo ta tura ƙofar ɗakin ƙarshe.

Mama na zaune a kujera kusa da taga, an rufa mata bargo a gwiwa. Ta rame, gashinta ya yi fari fat. Tana ganin yarinyar fuskarta ta haskaka, ta buɗe hannuwa.

"Autata! Ina kika shiga tun ɗazu?"

Ba wanda Mama ta taɓa kira da wannan sunan sai ita uwar Ƙiriniya. Ta durƙusa a gaban kujerar, ta kama gefen bargon.

"Mama... ga ni. Ni ce Auta. Na zo."

Tsohuwar ta dube ta da fara'a, irin wadda ake yi wa baƙuwar kirki.

"Sannu, 'yan mata. Ke ce sabuwar mai ba ni magani?"

Daga bakin ƙofa ta ji shessheƙar mijinta. Ba ta waiwaya ba.

"Eh, Mama," ta ce da ƙyar. "Ni ce."

"To madalla." Mama ta ƙara rungume Ƙiriniya, ta rage murya kamar mai ba da sirri. "Don Allah ki tura min ƙofar nan. 'Yar tawa zuciya gare ta, na yi mata faɗa ɗazu. Ina tsoron kada ta fita ban lallashe ta ba."

Ta tashi, hawaye na zuba har wuyan rigarta, ta je bakin ƙofa. Mijin na tsaye a waje yana kallonta, idanunsa jawur, yana jiran ta ce ya shigo.

Ta rufe ƙofar a hankali.