A Kashe a Ga Mai Kuka

Magariba ta kawo jiki, rana ta zame bayan gidajen maƙwabta, tsakar gida ya yi ja sannan ya fara duhu. Injiniya tana zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafafu, waya a cinyarta kamar kullum, tana jin sanyin rai irin na wanda ya sauke kaya. Inna, mahaifiyarta, tana alwala a bakin famfo. 'Yarta tilo, wadda kowa ke kira Shiru-shiru saboda ko ciwo take yi ba ta faɗa, tana kwashe shanya. Maigidan ya yi tafiyar aiki.

Sai wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi, ƙwas. Aka jima wani ya biyo shi. Daga nan suka dinga zubowa ɗaya bayan ɗaya, suna gangarowa tsakar gida.

"'Ya'yan maƙwabta sun fara jifa," in ji Inna. "Iyayensu na ciki suna kallon talabijin."

Injiniya ta sunkuya ta ɗauki ɗaya. Ba dutse ba ne. Ɗan baƙin noti ne, irin wanda ake ɗaure faifai da shi a cikin na'ura, kuma da ɗuminsa. Ta san inda irinsa yake.

Aikinta shi ne kula da rumbun bayanai na wani babban asibiti. Manyan kabad-kabad ne na ƙarfe a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, cike da faya-fayai, inda ake ajiye hotunan ƙashi da sakamakon gwaji da tarihin duk majinyacin da ya taɓa kwanciya a wurin. Ita ke yanka wa kowane sashe wurinsa, ta sa masa iyaka, ta ba shi izinin shiga nasa, ta hana shi leƙa na wani. Shugabannin sassa sun san halinta sarai. Ko za ka kwana kana buga tebur, ba za ta ƙara maka wuri ba sai ka kawo hujja.

A kusurwar ɗakin akwai wani tsohon rumbu da ta tarar tun zuwanta, yana gurnani yana fitar da zafi dare da rana. Ta shafe watanni tana kwashe abin da ke cikinsa zuwa sabo, tana dubawa tana sake dubawa. Ta aika wa kowane ofis sanarwa, ba wanda ya ce uffan. Sai ta yi abin da masu wannan sana'a ke yi idan ba su tabbata ko wani yana amfani da tsohuwar na'ura a ɓoye ba. Suna ce masa a kashe a ga mai kuka. A wannan ranar da notunan suka fara zuba ta kashe shi bayan azahar, ta mayar da layin wutarsa ga sabon, ta zauna tana jiran waya. Har ta tashi daga aiki ba wanda ya kira.

Tana riƙe da notin ne ta ji gurnanin. Ƙara ce siririya mai tsawo wadda ba ta yankewa, irin ta fankokin na'ura. Ta waiwaya. Shiru-shiru tana tsaye da kayan shanya a hannu, idanunta a ƙafe, kuma ƙarar daga ƙirjinta take fitowa.

"Sanyi," yarinyar ta ce, da muryar da ba tata ba. "An bar ni cikin sanyi."

Kwanakin da suka biyo baya sun yi wa gidan nauyi. Da rana yarinyar tana kwance a duƙunƙune cikin barguna, haƙoranta na haɗuwa, ba ci ba magana. Da zarar rana ta faɗi sai notuna su fara zuba, gurnanin ya cika ɗakuna har kofuna na rawa a kan tebur. Likitocin asibitin da uwar ke yi wa aiki suka juya ta, suka ɗauki hoto, suka ce lafiyarta ƙalau. Injiniya da kanta ta ga hoton ya shiga sabon rumbu, ta tsaya tana kallonsa, hawaye ya zubo mata.

Inna ba ta nemi shawarar kowa ba, ta yafa mayafi ta fita. Ta dawo da wani dattijon malami, siriri, mai magana a hankali kamar yana tsoron tayar da mai barci. Bayan sallar magariba ya zauna a bakin ƙofar ɗakin, ya sa Inna ta riƙe yarinyar, ya fara karatu. Da farko shiru. Can sai gurnanin ya taso, ya yi ƙarfi, ya yi ƙarfi, sannan ya yanke ɗif. Yarinyar ta miƙe zaune a hankali, ta juyo da fuskarta wajen uwarta.

"Wane ne kai?" Malam ya tambaya.

"Ta ce a kashe a ga mai kuka. To, ni ne mai kukan."

"Me ya haɗa ka da wannan yarinya?"

"Tun ranar da aka kafa ƙarfen nan nake cikinsa. Ga duhu, ga ɗumi, ga gurnani, ba mai damuna. Ta aika wa kowa sanarwa ban da ni. Na biyo ta gida, na tarar da wani wurin mai ɗumi wanda shi ma ba ya magana." Bakin yarinyar ya yi wani murmushi marar daɗin gani. "Ke ai mai kuka kaɗai kike ji, mai makullai. Sau nawa wannan ta tsaya a ƙofarki kina kan waya, ta juya ta tafi?"

Maganar ta soki Injiniya har cikin zuciya, domin gaskiya ce. Amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Ta je ta kunna mini gidana," muryar ta ce, "in fita yanzu."

"Ki kunna masa mana," Inna ta ce. "Ƙarfe ne fa. Ki dubi yarinyar nan."

"Ba zan kunna ba, Inna."

Ko Malam sai da ya ɗago ya dube ta.

"Allah gafarta Malam, layin wutarsa yana kan sabon yanzu. In na mayar, sabon ya ɗauke, likita yana tsakiyar aiki ya nemi hoton mutum ya rasa. Wannan ke nan. Sannan ni na san masu irin wannan halin, kullum da su nake aiki. In na ba shi yau don ya riƙe mini 'ya, gobe zai so wani abu, kuma a jikinta zai zo nema." Ta matso har gwiwarta ta taɓa katifar, ta dubi idanun nan da ba na 'yarta ba. "Ban sanar da kai ba don ban san kana nan ba. Ita kuwa me ta yi maka?"

Malam ya gyaɗa kai. "Ka ji. Ko an yi maka ba daidai ba, wannan da kake yi zalunci ne, kuma kai ma akwai ranar da za a tambaye ka." Ya ci gaba da karatu da ɗan ƙarfi. Yarinyar ta fara murƙususu, notuna suka zubo a kan rufi kamar ƙanƙara, Inna tana salati ba ta saki ba.

"Dakata," muryar ta ce daga baya, a gajiye. "Ku ba ni sabon rumbun."

"Ba ka da izini a can," in ji Injiniya.

"To, bayan firjin gidan nan. Akwai ɗumi."

"Firjina?" Inna ta ce. "Wallahi ko inuwarsa ba ka samu ba."

Malam ya juyo ga Injiniya. "Baiwar Allah, a aikinku in za ku tayar da wani daga wuri, yaya kuke yi?"

"Sai mun tanadar masa wani wurin tukuna, Malam." Ta juya ta fuskanci yarinyar. "A bayan ginin asibiti akwai wani lungu inda injinan sanyaya ɗakin rumbunan ke fesa iska mai zafi. Gurnaninsu ya fi na tsohon gidanka, kuma ba mai bi ta nan. Daga katanga zuwa injinan, nan ne naka. Ƙofar ɗakin rumbunan ba taka ba ce, gidan nan ba naka ba ne, jikin ɗan'adam ba naka ba ne."

"Ya yi mini kaɗan."

"Kowa haka yake cewa. Ba ƙari."

Duhu ya gama cika ɗakin, ba abin da ake ji sai numfashin yarinyar. Sannan muryar ta ce ta yarda. Malam ya sa ta rantse da Wanda ya halicce ta cewa ba za ta dawo ba, ya umarce ta ta fita ta ɗan yatsan ƙafa ba tare da ta cutar da komai ba. Ƙafar yarinyar ta hagu ta girgiza, ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a jikin kakarta. Wani noti guda ya gangaro daga rufi ya faɗi a tsakar gida, shi ke nan.

Da ta buɗe ido, idanunta ne na da. Ta dubi tarin bargunan da ke kanta, gumi na tsattsafo mata a goshi, amma ba ta ce komai ba, ta ci gaba da kwanciya a ƙarƙashinsu kamar yadda ta saba haƙuri da komai. Uwar ta gani. Ta yaye bargunan ɗaya bayan ɗaya, ta jawo ta jikinta.

Ana cikin haka wayar ta fara ruri a kan tabarma. Yarinyar ta ɗan janye jikinta, don ta san abin da ke biyo bayan wannan ƙarar. Injiniya ta miƙa hannu ta ɗauki wayar, ta danna har ta mutu.

"In asibitin ne fa?" Inna ta tambaya.

"Akwai mai tsaron aiki yau, Inna. A kashe a ga mai kuka."

Ta kifa wayar, ta riƙe fuskar 'yarta da hannu biyu. "Abin da kike zuwa ƙofata ki faɗa mini ki fasa, faɗa mini yanzu. Ina ji."

Shiru-shiru ta daɗe kafin ta buɗe baki. Uwar ta jira.