Yatsun Masu Wanki

Ranar da ya fara shiga ofishin kwamitin ɗa'ar bincike na kwalejin, ko sallama bai ƙarasa ba fanka ta watsa masa takardu. Sakatariyar kwamitin ta leƙo ta gan shi yana rarrafe a gindin teburinta, ta danne dariya.

"Malam, bincike ka kawo mana ko shara?"

Sabon malami ne a sashen lafiyar al'umma. Nazari yake son yi kan yadda sabulu da ruwan cire tabo suke cin hannuwan mata masu wanki a bayan kasuwa. Ita kuwa dokar ofishinta ɗaya ce: ba a taɓa mutum da sunan bincike sai ya ji bayani ya yarda, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

Sau uku tana mayar masa da takardunsa sun yi jawur da gyara. A na ukun ya laƙaba mata Jan Biro, ita ma ta rama da Malam Gaggawa. Daga nan fa waya ta daina hutawa.

"Jan Birona, yau ma kin kashe min shafi biyu. Ki gyara komai, amma ki bar min zuciyata yadda take, ke ce a ciki."

"Gaggawa, ka rubuta wa matan cewa suna iya fasawa duk lokacin da suka so. Ni dai ban ce zan fasa ba."

Sai dai shugaban kwamitin mahaifinta ne, tsohon likita wanda ko agogon hannunsa bai yarda da shi ba sai ya duba na bango.

Da takardun yarda suka dawo ofis, wani malamin sashensu da ake kira Mai Turare, wanda ya daɗe yana yi mata shawagi a banza, ya baje su a teburinta.

"Duba da kyau. Mata talatin, yatsa ɗaya."

Ta ɗauko gilashin ƙara girma. Kowane dangwale sumul yake, babu zane ko ɗaya, kamar an shafa tawada a gindin cokali an buga sau talatin. Ta koma tana karanta saƙonninsa tun daga farko, kowace kalma mai daɗi tana yi mata kama da cin hanci. Shin ita yake so, ko hatimin da ke aljihun teburinta?

A gida, Baba ya ajiye tabarau ya ce, "Yaron da ya ƙirƙiri yardar mata talatin, taki ce za ta gagare shi? Idan ta tabbata, korarsa za a yi. Kada in ƙara ganin takalminsa a ƙofata."

Ta tura wa Malam Gaggawa saƙo: "Tambaya ɗaya. Wa ya dangwala?"

"Su ne, wallahi su ne."

"To ka kai mu wurinsu."

Shiru. Kwana biyu ba amsa, kuma shirun nan ya fi takardun yi mata ciwo.

Kafin zaman kwamiti, kowa sai ya cika fom ya faɗi in yana da alaƙa da wanda ake tuhuma. Ta daɗe tana kallon gurbin, ta yi rubutu, ta ninke, ta miƙa wa mahaifinta, ta fita daga zaman. Ya buɗe ya karanta, ya sa a aljihu.

Washegari ita ta tuƙa shi zuwa bayan kasuwa, a matsayin 'ya, ba sakatariya ba. Kwamin siminti a jere, igiyoyi sun sunkuya da zannuwa, kumfa na bin kwata. Baba ya nemi izini, ya buɗe akwatin tawada. Wata dattijuwa ta goge hannu a zaninta ta dangwala. Sumul! Ta biyu ma haka, ta biyar ma haka.

Dattijuwar ta yi dariya. "Likita, shekara ashirin da bakwai hannu na cikin ruwan sabulu, ina zane zai zauna? Ko injin banki ba ya gane mu."

Baba ya juya tafin hannunta yana dubawa. Abin da suka ɗauka shaidar ƙarya, ashe shi ne ainihin cutar da yaron yake bincike a kai.

"Yawwa, ga ɗana nan," in ji dattijuwar.

Malam Gaggawa ne tsaye da bokiti biyu, ya naɗe ƙafar wando. Ya sauke su a hankali.

"Baba, ita ce ta farko a jerin, kuma ban bayyana cewa mahaifiyata ce ba. Tsoro na ji ka ce ɗan mai wanki ba sa'an 'yarka ba ne."

"Ƙaryar da na zarge ka da ita ba ka yi ba, ka yafe min," in ji Baba. "Amma ɓoye mahaifiyarka laifi biyu ne. Na kwamiti, za a cire takardarta a ba ka gargaɗi. Ɗayan kuwa, ita za ka roƙa."

Malam Gaggawa ya durƙusa gaban uwar cikin ruwan kumfa, idonsa ya kawo ƙwalla. Baba ya zaro fom ɗin nan daga aljihu ya miƙa masa.

"Karanta. 'Yata ba ta ɓoye nata ba."

A gurbin alaƙa, da jan biro, kalma uku ce kawai: "Ina son sa."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Mai Turare ma ya zo, an ce tun daga bakin titi aka san ya iso. Da aka kawo amarya gaban surukarta, dattijuwar ta kama hannunta, ta danna babban yatsanta a tsakiyar tafin.

"Babu zane, 'yata, amma na ji bayani kuma na yarda. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya sa kada ɗayanku ya ƙara ɓoye wa ɗaya komai."

Baba ne ya fi kowa ɗaga murya da amin.