Hannu na Biyu

Gab da magariba Umma ta aike ni tsohon gidanmu in ɗauko mata keken ɗinkinta. Shekara biyu ke nan ba kowa a gidan, sai dai Yaya yakan leƙa lokaci-lokaci ya kunna fitilu, kada a ce kango ne.

Falon na warin ƙura da jiƙaƙƙen katako. Ina jan keken daga bayan kujera na yi tuntuɓe da wani kwali. Na'urar gem ɗinmu ce ta yarinta, da hannuwanta biyu da kaset uku. Ga na tseren mota, ga na ɗan birin nan mai tsallake ramuka, ga kuma wanda na fi so, na tankokin yaƙi biyu masu gadin gida ɗaya.

Da girmana da 'ya'yana uku na durƙusa na jona ta da tsohuwar talabijin. Na hure kaset ɗin kamar yadda muke yi a da, na cusa. Kiɗan nan ya tashi, siriri, kamar kukan gyare.

Tankina ya fito. Na biyu ma ya fito.

Ni kuwa wasan mutum ɗaya na zaɓa.

Na ce tsufa ne ya taɓa na'urar. Sai na biyun ya motsa, ya zagayo, ya harbe abokin gaban da ya biyo ni ta baya. Na dubi ƙasa. Hannu na biyu yana ajiye kusa da gwiwata, madannansa suna nutsewa da kansu. Ƙyas. Ƙyas.

Wayata ta yi ƙara. Da kafaɗa na maƙale ta a kunne. Yaya ne.

"Auta, Umma ta ce kin shiga kin shanye. Kiɗan me nake ji haka?"

"Gem ɗinmu," na ce da raɗa. "Na tankoki, wanda muke yi da kai."

Muryarsa ta canza.

"Ni ban taɓa yin wannan da ke ba, ina makarantar kwana lokacin. Ke kaɗai Umma take tararwa kina dariya, kina cewa an yi miki maguɗi. Shi ya sa ta ɓoye na'urar. Ajiye ki fito. Yanzu!"

Wayar ta mutu.

Kujerar da ke bayana ta yi ƙara, irin ta wanda ya gyara zama. Warin ashanar da aka kashe ya cika mini hanci.

"Kin girma," wata murya ta ce dab da kunnena. "Ni ina nan inda kika bar ni."

Na yi ƙoƙarin sakin hannun gem ɗin. Yatsuna suka ƙi.

"Ranki na wasan saura ɗaya. In ya ƙare mu yi musanya. Ki zauna nan, ni in je gida wajen yaran."

A allon, tankinsa ya juyo da bakin bindigarsa kan nawa.

Na kauce. Harsashi ya wuce.

Ya sake saitawa.

Da ƙyar na fizgo Bismillah. Na kai wa wayar wutar shuri da iya ƙarfina.

Duhu.

Yatsuna suka buɗe. Na zabura. Wani abu ya damƙe mayafina ta baya, sanyinsa har ƙashin wuyana. Na zame na bar masa, na fito titi ba takalmi, ina kiran sunayen 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya.

Washegari Yaya ya je da mutum biyu, suka ƙona kwalin da duk abin da ke ciki. Umma ba ta tambaye ni komai ba, ruwa kawai ta tofa wa addu'a ta miƙo mini.

Na warke, alhamdulillahi. Sai dai maigidana ya ce har yau, in barci ya ɗauke ni, manyan yatsuna kan yi ta danne-danne a kan bargo. Can sai su tsaya cak, kamar mai jiran wani ya gama nasa.