Wanda Ya Yi Kewar Lugude

A wani ƙauye can, an yi wani ɗan ƙwalisa mai ƙorafin luguden mata na hana shi barcin safe. Ya kawo injin niƙa, turame suka yi shiru.

Lokacin kaka ya zo da sabon gero. Ya kasa kunne, shiru. Washegari ya kasa kunne, shiru. Kunu ma, bawan Allah, ya daina masa daɗi.

Ya cire bel ɗin injin, ya tafi wurin gwaggonsa.

"Gwaggo, inji ya mutu! Ku koma daka mana."

Ta hango bel a aljihunsa, ta miƙo taɓarya. "Ungo, ɗan nan. Kai ka kashe kiɗan, kai za ka tashe shi."

Ku ji zalunci! Ya naɗe hannun rigarsa, ya karɓa.