Kalma Ɗaya Daga Bakin Inna Habi

"Ka shiga ka roƙe ta, Musaddiƙ! Magana ɗaya nake so ta faɗa wa Babana... ɗaya tak!"

Mashkura ce tsaye a bakin rumfar shanyar tafarnuwa da ke bayan gida, idanunta jajir, har yanzu da kayan da ta je koyarwa da su a jikinta. Gobe da safe za ta bar Wurno. Yau ko "Yaya" da ta saba liƙa wa sunansa ba ta samu shiga ba.

Musaddiƙ na durƙushe yana ɗaure kawunan tafarnuwa, ya ƙi ɗagowa.

"Malamata, ba ki gane ba..."

"Na gaji da ba ki gane ba! Shekara guda ina garin nan ana ce min ban gane ba. To ganar da ni!"

"Ni ɗan hwari na, Mashkura. Tun da anka haihe ni Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba mu zama tabarma guda. In tana da saƙo, ƙanwata Ma'u taka ba, ta kawo min. Da wane ido za ni tsaya gabanta in ce ta yabe ni?"

"Da idon da ka kalle ni ka ce kana sona!"

Ya ci gaba da ɗaure tafarnuwarsa. Halin nan nasa kuwa ya fi zagi ƙona mata rai.

Kakan Mashkura ɗan Wurno ne. Fataucin goro ya kai shi Kumasi, ya yi aure can, ƙasa ta rufe shi can. Mahaifinta, Alhaji Yari, a Zangon Kumasi aka haife shi, Wurno kuwa a bakin tsofaffi ya san ta. Da Mashkura ta gama karatun koyarwa, sai Baffa Attahiru, ɗan ƙanen kakanta, ya bugo waya ya ce wata makarantar 'yan mata na neman malamar Turanci. Alhaji ya ce ta je ta yi shekara, ta ga inda suka fito.

Bazara ce ta kawo ta. Yarinyar da ta tashi garin ruwa da ganye, ta sauka cikin zafin da ke sa mutum ya tuna zunubansa. Satin farko kuka ta yi ta yi. Inna Habi, matar marigayi yayan Baffa Attahiru, ita ta karɓe ta, ta jiƙa mata zane tana lulluɓa mata, ta dama mata fura, ta kori duk mai dariyar Hausarta. Babban ɗan Inna, Musaddiƙ, shi ke kai ta makaranta a babur kafin ya wuce fadama. Mashkura ta fara da yi masa tsiya cewa babur ɗinsa ma warin tafarnuwa yake. Ya fara da cewa ta koya masa Turancin da zai yi ciniki da 'yan kudu. Turancin bai zauna ba, amma wani abu ya zauna.

Kowa ya yi murna. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa, in ji matan unguwa, ga zumunci zai sake ɗinkuwa. Baffa Attahiru ya kira Kumasi ya nema wa ɗansa aure, Alhaji ya yi hamdala, sannan ya ce a ba shi uwar yaron a waya.

A tsakar gida aka sami Inna, mata sun cika ana ɓarar tafarnuwa. Aka buɗe muryar wayar kowa na ji.

"Yaya Habi, ke kika haife shi, ke kika san shi. Yaya halinsa? In ba shi 'yata?"

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Wa? Wancan? Ni ban san abin da shika ciki ba. In kana da inda ya hi, Alhaji, kai ɗiyarka can. Kak ka ce ni nac ce."

Mata suka kwashe da dariya, wata har da guɗa. A kunnen Wurno, wannan magana ce ta mace mai kunya, wadda ta san ba a yabon ɗan fari, kuma ko makaho ya ji alfaharin da ke ƙarƙashinta. Amma wayar ba a Wurno ta tsaya ba. A Kumasi, Alhaji Yari gargaɗi ya ji.

Kuma ba za a ga laifinsa ba. Rumaisa, yayar Mashkura, ta auri mutumin da duk Zango ke yabo, uwarsa kaɗai ce ta yi shiru ranar tambaya. Rumaisa ta dawo gida da karyayyen hannu da yara biyu. Tun ranar Alhaji ya rantse ba zai ƙara ba da 'ya ba sai uwar miji ta shaide shi da bakinta.

Baffa Attahiru ya yi bayani har muryarsa ta dishe. Alhaji ya ce, "Na ji, al'ada ce. To ta kira ni ita kaɗai, ba mata, ba kowa, ta ce min yaron kirki ne. Shi ke nan abin da nake so." Aka ce ai wannan mai sauƙi ne. Makonni suka yi ta wucewa, Inna ba ta kira ba. Alhaji ya ce shekara ta cika, Mashkura ta haɗo kayanta.

Ɗazu aka yi mata taron ban kwana a makaranta. Ɗalibanta sun rera waƙar Turancin da ta koya musu, rabi daidai rabi Allah ya kyauta, suka rungume ta suna kuka. Wata ta ce, "Malama, ba an ce an yi maki miji nan ba?" Mashkura ta yi murmushin da ya fi kuka ciwo, ta ce musu su dage da karatu.

Yanzu ga mijin da aka ce an yi mata, durƙushe gaban tafarnuwa.

"Shi ke nan," ta ce. "Tunda kai ba ka da ido, ni ina da shi."

Ta juya ta nufi ɗakin Inna.

Ta tarar da ita zaune tsakiyar ƙulle-ƙulle. Kuka, daddawa, ƙuli-ƙuli, busasshen kifin Goronyo, tafarnuwa cikin ƙaramin buhu. Duk tsarabar Mashkura ce, Inna na ɗaurewa tana kwancewa tana ƙarawa.

"Zo ki gani, ɗiyata. Wagga daddawar ta uwarki ta, ki ce mata ni nay yi da hannuna..."

Mashkura ta tura ƙyaure ta rufe, ta zube gabanta.

"Inna, kina sona?"

"Subhanallahi! Wace irin tambaya ta wagga?"

"Kina so in zauna?"

"Allah na gani. In kin tahi, ɗakin ga kabari za shi zame min."

"To ga waya. Ba kowa a nan, daga ni sai ke. Na rufe ƙofa. Zan toshe kunnena in kina so. Ki ce masa yaron kirki ne, Inna... ko sunansa kar ki kira!"

Ba ta jira amsa ba. Ta danna lambar, ta damƙa wayar a tafin Inna, ta haɗa da nata hannun ta riƙe don kar ta ajiye.

"Salamu alaikum," muryar Alhaji ta fito.

"Wa alaikumus salam, Alhaji. Kuna lahiya? Ina gajiya? Ina iyali? Ya ruwa wajenku?"

Gaisuwa kam Inna ta iya ta. Ta gaida matarsa, ta gaida Rumaisa da yaranta, ta gaida maƙwabtan da ba ta taɓa gani ba. Mashkura na matse mata hannu tana girgiza kai, hawaye na zuba.

"Lafiya lau, Yaya Habi," in ji Alhaji a hankali. "Ina sauraronki."

Gumi ya tsattsafo wa Inna a goshi, ta buɗe baki ta rufe.

"Alhaji... yaron nan..."

"Ina jin ki."

"Yaron nan... shi dai..."

Mashkura ta kafe ta da ido.

"...Allah dai shi shirya muna su baki ɗaya."

Da Alhaji ya yi magana, muryarsa ba fushi, sai ma tausayi, kuma wannan ne ya gama kashe zancen.

"Amin. Na gode, Yaya Habi. Na fahimce ki, Allah ya saka miki da gaskiyarki. Mashkura, ki kama hanya da wuri."

Ya kashe.

"Inna, kin kashe ni!" Mashkura ta faɗa da ƙarfi, ta manta da wa take magana. "Kin kashe ni, kin kashe ɗanki! Me ya yi miki? Mutumin da ke noma ya ciyar da gidan nan, bai taɓa ɗaga miki murya ba! Kunyar wa kike ji? Bango?"

Inna ba ta tsawatar mata ba. Kuka take, irin na tsofaffi, ba sauti.

"Ɗiyata, tun ina yarinya da goyo nika danne bakin ga. Uwata ta mutu ba ta yabi yayana ba ko sau guda. Yau na ce mai shi buɗe, wallahi na ce mai... ya ƙiya."

Mashkura ta so ta tausaya mata. Ta kasa. Ta tashi ta fita, ta bar ta da daddawarta.

Da safe gidan ya cika da 'yan rakiya. Inna ta rako ta har zaure, ta kama hannunta, ta ce ta yafe mata. Mashkura ta ce, "Allah ya yafe mana," don abin da bakinta ya iya ke nan. Ita ma ashe baki na ƙin mutum.

Musaddiƙ ne ya kai ta tasha. Wannan karon ba wanda ya yi zancen warin tafarnuwa. Ya sa aka ɗaure kayanta a bayan motar Sakkwato, ya samar mata gefen taga, sannan ya tsaya riƙe da ƙofar kamar wanda aka ba ajiyarta.

"Za ni zo Kumasi, Malamata. In na sai da tafarnuwa, za ni zo in durƙusa gaban Baba da kaina."

"Mijin Rumaisa ma ya zo ya durƙusa. Ya fi ka iya gaisuwa."

"Mashkura..."

"Tambaya ɗaya zan yi maka, ka ji tsoron Allah ka faɗa min gaskiya. Ranar da Inna ta ce wa Babana ya kai ni inda ya fi, kana bakin zaure, na gan ka. Ka ji haushinta? Ko na minti ɗaya?"

Ya sunkuyar da kai. Da ya yi ƙarya, wataƙila da ta tafi da ɗan abin riƙewa. Amma Musaddiƙ yaron kirki ne, abin da aka kasa faɗa ke nan.

"Daɗi naj ji," ya ce a hankali. "Ban taɓa jin ta yi zancena gaban mutane ba sai rannan. Yadda tar ruhe huska... rannan nas san Inna na ji da ni."

Mashkura ta zuba masa ido. Shekara guda ta sha ruwan garin nan, ta koyi cewa "mi" da "wanga", ta iya tuƙa tuwon gero, har ta fara ce wa Wurno gida. Sai yanzu ta gane maganar da ta rusa mata rayuwa ita ce mafi daɗin abin da ya taɓa ji, kuma ko za a maimaita ranar, ba zai so a canza ta ba. Baƙuwa ta zo, baƙuwa za ta koma.

"To ka riƙe daɗinka, Yaya Musaddiƙ," ta ce. "Sakar musu ƙofa."

"Masoyiyata, don Allah..."

"Saki ƙofar!"

Ya saki. Direba ya ja mota. Ta ji ya kira sunanta sau ɗaya, da ƙarfi, har masu sayar da rake suka waiwaya. Ita ba ta waiwaya ba. Ta cusa fuska cikin mayafi, ta yi kukan da tsohuwar da ke gefenta ta yi ta cewa, "Haƙuri, ɗiyata, wa ya rasu?"

Suna daf da garin Marnona wayarta ta yi ƙara. Ta share fuska, ta gyara murya.

"Kin taso?" in ji Alhaji.

"Na taso, Baba."

"Madalla. Wata rana za ki gode wa matar nan, ta cece ki. Kin duba kayanki da kyau? Ba ki bar komai ba?"

Mashkura ta kalli fadamar da ke gudu baya ta taga.

"Ban bar komai ba, Baba."