Ƙarin Sifirin a Motar Tsere

Motar ta bar layin farawa da tayoyin baya suna tsalle, ta karkace ta goge katanga. Da aka dawo da ita garejinsu a Jebel Ali, can ƙasar waje, manaja bai ɗaga murya ba.

"Ke kika zaɓi kayan ƙafar baya, Khairunnisa. Mai motar na son sunan wanda za a kora."

Biza ɗinta a hannun garejin take. Injiniya ce, mace ɗaya cikin maza, kuma tun zuwanta suke jiran ranar nan. Ta ɗaure ɗankwali ta shiga ƙarƙashin motar.

Tsohuwar motar Amurka ce, mai ita yana yawo da ita a gari, yana tsere ranar Juma'a. Shi ya sa ta zaɓa mata sifirin mai falle ɗaya da shokozoba da ake juyawa: laushi don titi, tauri don filin tsere. Yanzu da ta duba, babu ko ɗaya. An mayar da tsofaffin da suka saki, an cusa ƙarin falle na a-kori-kura don bayan ya ɗago, an naɗe da robar taya.

Ta fara da Mutari, direban da ke ɗaukar motar zuwa fili.

"Ƙanwata, ni ɗaure mota nake in ja. Wannan aiki sai an ɗaga mota sama, ni kuwa ko makullin banɗakinku ba ni da shi."

Gaskiya ne. Mutum biyu ke riƙe da makullin injin ɗaga mota.

Ɗayansu, Rashid, makaniki ɗan Pakistan, ya leƙa ya yi dariya. "Wa ke ƙara ƙarfe a motar tsere? Buhunan shinkafa za ta ɗauka?"

Ba ta yi dariya ba. Ta san inda ake haka. Ta tashi tana ganinsa a Kano, ana yi wa motocin lodi.

Ta sami mai ɗaya makullin, Kawu Badaru, ƙanin mahaifiyarta, yana shan shayi a bayan gareji. Shi ya nemo mata aikin nan. A ɗakinsa na unguwar Satwa ta sauka.

"Kawu, ina sabbin kayan?"

"Wane kaya, 'yar nan?"

"Tsofaffin sun saki. Wanda ya mayar da su ya ji tsoron a ga bayan ya zauna, ya ƙara falle. Bai san motar tsere sai nauyi ya koma baya take kama ƙasa ba. Rashid bai san wannan dabarar ba. Mutari ba shi da makulli."

Ya ajiye kofin shayin.

"Suna kwantena, na ɓoye in sayar. Na ɗauka ƙarfe ƙarfe ne." Ya rage murya. "Ki ce kuskurenki ne. Ke yarinya ce, kina da takardu, za ki samu wani wurin. Ni fa?"

Kunya ta hana ta kallon furfurarsa. Ta tuna yadda za a ji labarin a gida, da abin da za a kira ta.

"Mutum ya kusa mutuwa, Kawu."

Ta shiga ofis, ta ajiye fallen ƙarfen a teburin manaja, ta yi bayani dalla-dalla.

"Wa ya yi?"

"Badaru."

"Ba kawunki ba ne?"

"Kawuna ne," ta ce, idonta a ƙasa. "Lissafina daidai yake."